Rariyar Kawu

Daga Allah muka zo, gare Shi za mu koma, Kawu kuwa ya riga mu tafiya. Ya rasu wata Talata da hantsi a ɗakinsa na Ƙanƙara, bayan ya sha kununsa ya yi mitar an cika masa tsamiya. Bayan azahar aka kai shi makwancinsa. Ni ɗiyar ƙanwarsa ce, kuma sunan mahaifiyarsu aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba. Uwata yake ce mini, tun ina goye har na zama uwar wasu.

Na sha zuwa zaman makoki, amma ban taɓa ganin wanda aka yi dariya a cikinsa kamar na Kawu ba. Mutane sun zo daga Faskari da Sabuwa, inda ya yi hedimastan firamare shekaru masu yawa, sun zo daga Mabai da Yankara, wasu a mota wasu a babur. Kowa zai shigo da fuskar jimami, ya yi addu'a, ya shafa, sai ya ce, "Ai ba na mantawa da ranar da Malam ya ce..." Daga nan zance ya ɓalle. Matarsa, da muke kira Hajiya, tana tsakar gida tana kuka tana dariya, har ta ce wa mata su daina ba ta labarinsa, haƙarƙarinta ya gaji.

A rana ta biyu wani tsoho ya zo daga Pauwa yana dogara sanda. Ya durƙusa gaban ƙanen mamacin, wanda muke kira Kawu Ƙarami, shi ne ke karɓar gaisuwa a ƙofar gida. Ya yi addu'a mai tsawo, ya ɗaga kai ya ce, "Alhaji, yau kam mai ya hwashe." Duk tabarmar ta kwashe da dariya, har liman. Kawu Ƙarami ya yi dariya shi ma, sannan ya rufe fuska da hannun riga ya daɗe bai buɗe ba. Matasan da ke wurin suka riƙa kallon juna, ba su san abin da ake wa dariya ba, balle abin da ake wa kuka. Saboda su nake rubuta wannan, don kada maganar ta tafi tare da tsofaffin da suka san ta.

Kawu mutum ne mai tace magana. Tun a shekarun da kuɗin mai suka shigo ƙasar nan, lokacin da aka ƙara wa ma'aikata albashi kowane malami ya sayi babur, gidaje suka fara sauya rufin ciyawa da kwano, shi abin da ya fara yi da nasa ƙarin shi ne ya shirya da wani direban Funtuwa ya riƙa kawo masa jaridu. Kafin su iso sun kwana biyu, wani lokaci da tabon manja, amma bai damu ba. Bayan la'asar zai zauna ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida da reza da faifai uku da ya ƙwace wa Hajiya. Labarin da zai amfani mutane ya yanke ya sa a faifai na farko, wannan tsaba ce. Wanda babu laifi a ji shi amma babu lada, faifai na biyu, dusa. Zage-zage da cika baki da tallan maganin ƙarfi, faifai na uku, ƙaiƙayi. Tsabar kaɗai yake karanta wa majalisa, yana juya ta zuwa Hausa. In wani ya ce a ɗan taɓa dusar, sai ya dube shi ta saman tabarau ya ce, "Kai akuya ne?"

Haka yake yi da wasiƙun mutane. A lokacin samari sun bazama Legas da Kaduna neman aiki, wasiƙu na zuwa, iyaye ba su iya karatun boko ba, sai a kawo wa Kawu. Wata tsohuwa daga Mabai ta tuna mana a zaman makokin yadda ta kawo masa wasiƙar ɗanta, wanda suka rabu ba daɗi. Ya karanta mata gaisuwa, ya karanta cewa yaron ya sami aiki, sai ya tsaya ya ce, "Baba, nan akwai layi huɗu na ƙaiƙayi, ya rubuta su cikin hushi. Ban ɓoye maki ba, ga su nan. In kina son ji, ki tahi gida ki ci tuwo ki yi barci, gobe ki dawo in karanta maki." Ta ce ba ta dawo ba, kuma ɗan nata da ya zo gida da salla bai ma tuna ya rubuta su ba. Kawu bai taɓa yi wa kowa ƙarya a kan takarda ba. Yana tsallakewa, amma sai ya faɗa maka ya tsallake.

Mutum ɗaya ne Kawu ya tace gaba ɗayansa, shi ne ƙanensa, autan gidansu. Shi ya raine shi bayan rasuwar iyayensu, shi ya riƙa goya shi a keke zuwa makaranta, shi ya koya masa baƙaƙen boko a kan rairayi. Da kuɗin mai suka zo, gwamnati ta tura Kawu Ƙarami ƙasar Turawa ya karanto aikin madatsun ruwa. Kawu ya yi alfahari da shi har ya gundure mutane. Bayan shekara biyu ya zo hutu, da wando mai faɗin ƙafa da gashi kamar ƙwarya a kife, ya zauna a majalisa.

Ban kasance a wurin ba, mata ba sa zaman majalisa, amma na ji dariyar daga cikin gida, kuma an ba ni labarin fiye da yadda zan iya ƙirgawa. Kawu ya ɗauko jaridar Turanci, ya ga manyan baƙaƙe sun haɗa mai da wata kalma, bum. Yaƙin basasa bai daɗe da ƙarewa ba, kuma bum ɗin da Kawu ya sani ƙarar bam ce. Ya cire tabarau ya ce, "Jama'a, ku yi salati. Mai ya hwashe." Wani ya tambaya ko an mutu da yawa. Wani ya miƙe zai tafi ya sayi kananzir tun bai yi tsada ba. Sai Kawu Ƙarami ya leƙa jaridar, ya fashe da dariya har ya riƙe ciki.

"Yaya, ba hwashewa ba ce! Bum ɗin nan arziki ne, kuɗɗin mai ne suka yi yawa."

Da ya tsaya nan da shi ke nan. Amma ƙuruciya ta ja shi, ya juya ga mutane ya ƙara da cewa, "Ku yi haƙuri, Turancin Yaya na hiramare ne."

Aka yi dariya, wadda na jiyo. Kawu ya ninke jaridar, ya tattara faifansa uku, ya shiga gida tun kafin magariba. Tun daga ranar, a Ƙanƙara in tukunya ta faɗi ko tayar keke ta yi faci sai a ce mai ya fashe. Abin mamaki, Kawu ya jure wa gari, har shi ma yakan faɗa. Na ƙanensa ne ya kasa haɗiyewa. Da Kawu Ƙarami ya koma ya fara aiko da wasiƙu, masu shuɗin ambulan, Kawu yakan duba rubutun bayan, ya jefa a faifai na uku ba tare da ya buɗe ba. Inna, mahaifiyata, ta yi roƙo ta yi kuka ta yi fushi. Ya ce mata, "Wanda ya hi ni Turanci mi zai ji a wurina?" Wasiƙun suka yi shekaru suna zuwa, suka ragu, suka tsaya. Muka ji ya yi aure a can, ya sauya gari, adireshi ya ɓace. Ni ma da na iya rubutu na yi sakaci, ina ganin faɗan manya ne zai wuce. Bai wuce ba, ya yi shekara ashirin da 'yan kai.

Ina son Kawu, amma wannan abu ya ba ni haushinsa ƙwarai. Mutumin da ke sasanta uwa da ɗa a kan layi huɗu, ya kasa buɗe ambulan ɗaya na ɗan'uwansa.

Kwamfuta ta shigo labarin ne ta hannuna. Na koyi buga keken rubutu, na sami aiki a ofishin wata kwaleji a Zariya, har aka kawo mana kwamfutoci aka haɗa ɗaya da layin tarho. A nan na gano akwai wasu zauruka na tattaunawa, inda mutane daga ko'ina a duniya ke rubuta magana wasu su ba da amsa, kuma akwai wanda Hausawan da ke ƙasashen waje suka mayar majalisarsu. Akwai manhajar da ake sa wa kwamfuta, ta kwaso duk saƙonnin a tashi ɗaya, mutum ya karanta daga baya ko babu layi. Lokacin Kawu ya yi ritaya, yana zaune gida, yana ta neman wanda zai yi wa gyara. Da ofishinmu ya yi gwanjon tsofaffin kwamfutoci na sayi ɗaya, na sa mata manhajar, na ɗoro ta a mota har Ƙanƙara. Ƙanƙara babu layi, sai na riƙa kwafo saƙonnin a ɗan faifan kwamfuta ina kawowa duk Juma'a biyu, in koma da amsoshinsa in tura.

Da na ce masa sunan abin faifai, ya juya shi a hannu ya ce, "Ashe Bature ma da faifai shike bakacen labari." Na nuna masa yadda manhajar ke jera magana: wanda ya fara a sama, amsoshi a ƙarƙashinsa, amsar amsa ta ɗan matsa ciki. Ya ce wannan ai dangi ne, ga uwa ga 'ya'ya ga jikoki. Sannan na nuna masa abin da na san zai kama shi. Manhajar tana da jeri biyu. In ka rubuta kalma a jeri na farko, duk saƙon da ke ɗauke da ita zai hau sama da baƙin rubutu mai kauri. In ka rubuta ta a na biyu, duk saƙon da ta fito a ciki zai ɓoye, ba za ka gan shi ba sam. Abin da bai shiga ko ɗaya ba ya zauna a tsakiya.

Kawu ya dube ni, ya dubi allon. "Tsaba, dusa, ƙaiƙayi," in ji shi. "Uwata, an sace mani sana'a." Ya ƙwala wa Hajiya kira ta zo ta ga yadda Turawa suka kwaikwaye shi ba su ko gaishe shi ba. Ta ce to, tunda an samu inji sai a dawo mata da faifanta.

Rariya ya sa wa abin, kuma da Mai Rariya yake sa hannu a saƙonninsa. Ya mayar da kwamfutar zaure, tsofaffin majalisa suka riƙa zuwa da safe in akwai wuta, su zauna a tabarma yana karanta musu. A jerin tsaba ya sa noma, da taki, da ruwan sama. A jerin ƙaiƙayi ya sa zagi iri-iri, waɗanda ya riƙa faɗa mini a kunne ina bugawa muna jin kunyar juna, da sunan wani mutum da ke rubutu da manyan baƙaƙe zalla, wanda Kawu ya ce ihu yake yi. Da yatsa ɗaya yake buga amsa, harshe a waje, layi ɗaya sai ya ci rabin sa'a. Yawanci gyaran Hausa yake musu. Wani likita ya rubuta doguwar magana a kan tarbiyya, Kawu ya amsa masa da cewa, "Maganarka tsaba ce, Hausarka dusa." Nan da nan ya yi suna a zauren, har ana jiran Litinin ɗinsa.

Sai lokacin sanyin ƙasar Turawa ya zo. Zauren ya cika da kuka. Wannan ya ce ƙanƙara ta toshe masa ƙofa, wancan ya ce ta binne masa mota, wani ya ce ya zame a kanta ya karye a hannu, wani ya zo ya ce ai tasu ƙanƙarar ta fi ta kowa. Mako biyu, mako huɗu, babu zancen noma babu na komai. Kawu ya ƙosa.

"Wa ya aike su? Uwata, sa mani ƙanƙara cikin ƙaiƙayi."

Na sa. Kwamfutar ba ta da baƙi mai lanƙwasa, don haka na buga kankara, yadda kowa ke rubutawa a zauren. Nan take allon ya yi fayau, Kawu ya ce alhamdu lillahi, sanyi ya wuce. Ni da na yi boko, shi da ya yi hedimasta, muna zaune a tsakiyar garin Ƙanƙara, a zauren da ke kallon hanyar kasuwar Ƙanƙara, babu ɗayanmu da ya tuna yadda ake kiran garinmu. Har yau in na tuna sai in ji kamar in ja kunnen kaina.

Watanni suka wuce, damina ta sauka, dawa ta kai gwiwa. Wata Asabar da safe, bayan na zuba masa sabon faifai, na ga ya ƙura wa allon ido. Manhajar takan nuna a gefen kowace kalma yawan saƙonnin da ta kama, shi kuma ba ya barin lamba ta wuce shi.

"Uwata, ke da kika san duniya, ƙasar Turawa ƙanƙara na zuba da damina?"

"A'a Kawu, yanzu zahi suke sha."

"To mi rariyata take kamawa? Kullum lambar nan ƙaruwa take."

Na ce wataƙila masu sayar da ruwan sanyi ne. Ya ce in buɗe. Na cire kalmar daga jerin, sai saƙonni suka zubo, na sanyi a can ƙasa, sababbi a sama. Sababbin duk a ƙarƙashin maganganun Kawu suke rataye, kuma mutum ɗaya ne ya fara su. Kawu ya gyara tabarau ya fara karantawa a fili kamar yadda ya saba.

Na farko ya ce: "Mai Rariya, na ga ka ce maganar wani tsaba ce, Hausarsa dusa. Mutum ɗaya na sani a duniya mai irin wannan magana. Ko kai ɗan Kankara ne?"

Na biyu, bayan mako biyu: "Mai Rariya, wataƙila ba ka ga tambayata ba. Ni ɗan Kankara ne. Akwai darbejiya a ƙofar gidanmu."

Muryar Kawu ta fara sauka. Na uku da na huɗu da na biyar duk haka, kowanne da sunan garin a ciki, don da shi yake ƙwanƙwasa ƙofa, kuma shi ne ya sa ƙofar ta ƙi buɗuwa. Mutanen zauren ma sun sa baki, suna cewa Mai Rariya ka amsa wa bawan Allah mana, amma da yake kan maganar yana ɗauke da sunan garin, su ma rariya ta haɗiye su. Duk tsawon lokacin nan Kawu yana ta gyara wa mutane Hausa a gefe, yana tsallake mutumin kamar da gangan.

Na ƙarshe ya kwana goma da rubutawa. Kawu ya kasa karanta shi, ni na karanta.

"Yaya, na san kai ne. Na kuma gane shirun, na saba da shi. Ba zan ƙara damunka ba, ƙarshen watan nan zan bar zauren don ka sake. Na so dai in ji ko Yaya mace tana raye. A gaida Kankara."

Yaya mace ita ce Inna. Na dubi kalandar bango, saura kwana huɗu wata ya ƙare. Ba mu da adireshinsa, ba mu da lambarsa, in ya bar zauren ya sake ɓace mana, wannan karon kuma da tabbacin cewa yayansa ya gan shi ya kau da kai.

Kawu ya zauna hannu a kan gwiwa. Can ya ce, "Na farko ni na yi shi da gangan. Wanga kuma Allah shi ne shaida ban sani ba. Amma wa zai yarda?" Hajiya ta leƙo, ta ji abin da ya faru, ta koma ciki. Sai ga ta da wani tsohon gwangwanin alewa, ta dire a gabansa.

"Malam, ga sauran ƙaiƙayinka. Kullum ka zuba, ni ke kwashewa."

Shuɗɗan ambulan ne, a ɗaure da zare, ko ɗaya ba a buɗe ba. Kawu ya dube ta ya ce, "Ai na sani. Kina tsammani ban san inda kike ajiye su ba?" Ta ce, "To mi ya hana ka?" Ya ce, "Kunya, Hajiya. Da hushi ne da ya daɗe da ƙarewa."

Na ce ya buga amsa in tafi da ita gobe, Litinin da safe in tura. Ya ce wannan ba saƙon aike ba ne, da ƙafarsa zai je. Na ce Kawu, ko ka je faifan nan dai za a sa a inji. Ya ce to a sa yana tsaye. Mutumin da ke cewa Funtuwa ta yi masa nisa, Lahadi ya sa babbar riga ya rungumi gwangwaninsa muka shiga motar Zariya.

Litinin da safe ya zauna a kujerata a ofis, ya buga da yatsansa ɗaya, ya hana ni taimako. Na ce akwai hanyar da za a aika wa mutum shi kaɗai, ba sai duk zaure ya gani ba. Ya ce a'a, a gaban jama'a aka ɓata, a gaban jama'a za a gyara. Ga abin da ya rubuta, ina da shi har yanzu:

"Ni ne ɗan Kankara. Na sa rariya ta kama mini ƙanƙarar sama, ta kama har da garinmu, ban sani ba sai shekaranjiya. Wannan wautar farko. Ta biyu ta girme ta. Da can na karanta wa mutane cewa mai ya fashe, ƙanena ya ce ba fashewa ba ce, arziki ne. Shi ke da gaskiya, Turancina na firamare ne. Auta, yayarka tana raye, darbejiya tana nan, ni ma ina nan. Ka taho gida."

Aka tura. Sai jira. Kwana uku Kawu yana zuwa ofis tare da ni, ya zauna a benci kusa da taga, shugaban ofishinmu yana wucewa yana gaishe shi yana tsammanin wani babban baƙo ne. A nan ya buɗe wasiƙun ɗaya bayan ɗaya, bi da bi yadda suka zo. Wani lokaci ya yi dariya, wani lokaci ya cire tabarau ya goge. Ya ce mini ta farkon ma ban haƙuri ce tun daga layin farko. Mutanen zauren suka yi ta amsawa, wasu na dariya wasu na addu'a, har mai ihun nan ya rubuto AMIN da manyan baƙaƙensa. Amma wanda muke jira shiru. Ran Laraba, ranar da wata ya ƙare, na fara jin tsoro sosai.

Ran Alhamis da hantsi layin ya yi ƙararsa ya haɗu, saƙonni suka sauko, sai ga shi a ƙarƙashin na Kawu, ya ɗan matsa ciki. Kawu ya ce shi zai karanta.

"Yaya, na yi shekara ashirin ina duba abin da kuɗin man nan suka yi mana. Na janye gyarana. Kai ka karanta daidai, fashewa ya yi. Ina tafe da kaka."

Kawu ya yi dariya har ya buga tebur, hawaye na bin gemunsa, yana cewa, "Kun ji ɗan banza! Kun ji shi ko!" Ma'aikatan ofis suka taru ba su san dalili ba, suka taya shi.

Ya zo da kaka, ana cikin girbi, kamar yadda ya ce, da furfura da tumbi, babu wando mai faɗin ƙafa. Inna ta riƙe shi ta ƙi saki. Da la'asar suka zauna ƙarƙashin darbejiya, kafin a yi nisa suka soma sabon musu, wannan ya ce kai ke da gaskiya, wancan ya ce a'a kai ne, har murya ta tashi Hajiya ta aiko a ce su ji tsoron Allah. Wannan musu ba su gama shi ba har Kawu ya bar duniya. Kawu Ƙarami ya riƙa zuwa duk shekara, da ya aje aiki kuma ya dawo gaba ɗaya, ya gina ɗaki a bayan gidan. Kullum tare suke karyawa, kullum sai ɗaya ya gyara wa ɗaya magana, ɗayan ya ce na gode Malam.

Bayan sadakar uku, da baƙi suka ragu, na shiga zaure na kunna tsohuwar kwamfutar. Ta daɗe tana gurnani kafin ta farka. Tun bayan tafiyar Zariya Kawu ya koyi sarrafa rariyarsa da kansa, ban ƙara taɓa masa ita ba, kuma ina son in ga yadda ya bar ta. Kawu Ƙarami ya zo ya tsaya a bayana, Hajiya tana bakin ƙofa.

Jerin ƙaiƙayi babu komai a ciki. Ya goge zagin, ya goge har sunan mai ihu. Jerin tsaba kuma, babu noma babu taki, kalma ɗaya ce tak: kankara.

Kawu Ƙarami ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Wato duk kukan sanyin nan namu sama shike hau mashi?"

"Kowace shekara," in ji Hajiya. "Shina tsaki shina karantawa, ɗaya bayan ɗaya, har ƙarshe. Ko bayan ka dawo gida bai daina ba. Na ce Malam, ai ga shi nan bayan ɗaki, mi kake nema kuma? Ya ce wa ya sani ko akwai autan wani."

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya kwashe masa ƙaiƙayin ayyukansa Ya auna masa tsabar da mudu mai tozo, Ya sada shi da uwar da aka sa mini sunanta. Na kashe kwamfutar na lulluɓe ta da zanen da yake rufe ta da shi. Kalmar tana nan inda ya bar ta.